Haƙorin Yagana

Ranar Litinin ɗin da aka koma makaranta, Eunice ta fito daga gidansu da ke Gwallameji da jakunkuna biyu. Ɗaya ta littattafai ce da farar rigar asibiti, ɗayar kuma ta takalmin wasa da tsohuwar rigarta ta ƙwallon hannu. Mahaifinta, Malam Obadiya, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, yana zaune a bakin ƙofa da rediyonsa. Ya bi jakunkunan da ido, sannan ya ce, "Bana ma duka biyun za a ɗauka?"

"Duka biyun, Baba."

"To, Allah ya ba da iko."

Shi mutum ne da ba ya maimaita magana, kuma wannan maganar sun riga sun yi ta a lokacin hutu. Aji huɗu za ta shiga a makarantar koyon aikin likitan haƙori. Shekaru ukun da suka wuce, karatu ne na littafi da ɗakin gawa, wanda mutum zai iya haddacewa ko a cikin keke ne. Aji huɗu kuwa, kowa ya gaya mata, shi ne shekarar da ake fara aiki da hannu.

Ƙwallon hannu ta riga likitanci shiga rayuwarta. Tana 'yar shekara goma sha uku, a wata gasar makarantu a Bogoro, Koci Hammajoda ya ga yadda take jifa, ya nemi mahaifinta ya ce a ba shi ita ya horar da ita. Tun daga nan take buga wa ƙungiyar mata ta gari. Ba ta taɓa ɗaukar wasan a matsayin sana'a ba, amma a filin ne kaɗai take jin kanta ya yi wasai, ba ta tuna jarrabawa, ba ta tuna kowa.

A ranar farko aka kai su wani dogon ɗaki mai sanyi. An jera kawunan roba a kan tebura, kowanne ya wangale baki cike da haƙoran roba, an rataye fitila a samansa. A kan waɗannan za su koyi huda haƙori da cike shi kafin a yarda su taɓa bakin mutum. Malamin da ke kula da ɗakin, Dakta Fakhruddeen, dattijo ne siriri mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, amma ɗalibai na shakkarsa. Ya ce kowa ya miƙo hannuwansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ya ce wannan ta yanke farce, wancan ya cire zobe. Da ya zo kan Eunice sai ya tsaya a kan yatsarta ta tsakiya, wadda ta naɗe da filasta.

"Me ya same ta?"

"Ƙwallo ce, Sa. Ina buga ƙwallon hannu."

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Sa."

Ya sake duban yatsar. "Ba hurumina ba ne in hana ki. Amma ki sani, abin da za ki riƙa yankewa a nan bai kai kaurin farcenki ba. Idan hannu ya gaji, bakin mutum zai nuna." Ya juya ga sauran ya sanar da su cewa ban da ranakun mako, kowace Asabar da ƙarfe goma na safe ɗakin zai kasance a buɗe, kuma yana rubuta sunan wanda ya zo.

Asabar da safe ita ce babbar ranar atisaye a sitadiyom.

Da ta so, da ta ce wa Koci Hammajoda ya yafe mata Asabar ɗin, kuma da ya yafe. Abin da ya hana ta shi ne Yagana. Yagana ce mai tsaron gidan ƙungiyar, doguwa, baƙa, mai yawan dariya. Tana ƙarama aka gudo da ita daga Bama lokacin tashin hankali, ita da mahaifiyarta, suka sami ɗaki guda a wani gidan haya a Wunti. Mahaifiyar tana haɗa turaren wuta da humra, Yagana na kai wa masu shaguna a kasuwa. Ta gama sakandare, ba ta ci gaba ba. A ƙarshen watan Nuwamba za a yi gasa a Jos, kuma an tabbatar wa Koci cewa wata babbar ƙungiya da ke ɗaukar 'yan wasa aiki, da albashi da masauki, za ta turo mutanenta, kuma mai tsaron gida suke nema. Duk wanda ya san wasan a Bauchi ya san Yagana ta isa.

"Ke kaɗai ce mai jifan da ke ba ni tsoro," in ji Yagana, ranar da Eunice ta ba ta labarin ɗakin kawunan roba. "Sauran duk na san inda za su jefa tun kafin su ɗaga hannu. Ki daure mini zuwa Nuwamba. Bayan nan ki je ki yi ta fama da mutanenki marasa jiki."

Eunice ta yi dariya ta ce ta ji. Suka tsara: za ta zo fili ƙarfe shida da rabi, ta bar shi tara da rabi, ta sauya kaya, ta kama keke zuwa makaranta. Talata da Alhamis kuma ta zo da yamma bayan an tashi.

A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace, makonni huɗun farko sun ba ta wuya fiye da yadda ta zata. Takan iso ɗakin da zufa a bayanta, kafaɗarta na zogi, ta riƙe ɗan injin huda haƙori, sai ta ga bakinsa yana rawa kaɗan. Rawar ba ta kai wani ya lura ba, amma haƙorin robar yana nunawa. Sau uku Dakta Fakhruddeen yana saka ɗan ƙarfen awo a ramin da ta huda, ya ce, "Ya yi zurfi. Da mutum ne, kin shiga jijiya." Ya cire haƙorin ya jefa a kwano, ya ba ta sabo. 'Yan ajinsu sun wuce zuwa darasi na gaba, ita tana kan na farko. Ranar Lahadi a coci barci ya ɗauke ta ana tsakar wa'azi, mahaifiyarta ta taɓa ta da gwiwar hannu. A gida ba wanda ya yi mata faɗa, kuma hakan ya fi damun ta.

Asabar ta biyar, an yi ruwan ƙarshen damina da asuba, filin siminti bai gama bushewa ba. Sun yi atisaye kamar kullum. Ƙarfe tara da ashirin Koci Hammajoda ya busa usur ya ce a huta. Eunice ta riga ta nufi jakarta, hankalinta na kan agogo, don ranar ce Dakta ya ce zai duba aikin kowa ya ba da maki. Sai Yagana ta kira ta daga raga.

"Biyar kawai. Irin na tsalle ɗin nan."

"Zan makara."

"To uku."

Eunice ta dawo da gudu ta ɗauki ƙwallo. Na farko Yagana ta tare da ƙafa. Na biyu ya shiga. Na uku, Eunice ta taho da sauri fiye da kima don ta gama ta tafi, ta yi tsalle ta shiga da'irar, Yagana kuma ta fito ta tare ta. Ƙafar Eunice ta sauka a kan wani ɗan wuri mai laima, ta zame, gwiwar hannunta ta sauka da duk nauyinta a bakin Yagana.

Ƙarar ba ta da yawa. Su biyun suka faɗi. Da Eunice ta ɗago, sai ta ga Yagana a durƙushe, ta rufe baki da hannu biyu, jini na bi ta tsakanin yatsunta. 'Yan wasa suka kewaye su suna salati. Koci ya janye hannun Yagana a hankali. Leɓenta na sama ya fashe, kuma inda haƙorinta na gaba yake, na dama, babu komai sai rami.

Wata daga cikin 'yan wasan ce ta gan shi a kan siminti. Ya fita gaba ɗaya har da saiwarsa, dogo fiye da yadda mutum zai zata. Ta ɗauka za ta goge shi da rigarta.

"Kada ki goge," Eunice ta ce. Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito haka ba. "Kada ki taɓa saiwar. Ba ni."

Ta karɓe shi ta wajen farin kansa, ba ta saiwar ba. Ta san abin da littafi ya ce, don a hutun nan ta karanta: a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi raminsa nan take, a sa mutum ya cije kan tsumma. Kowane minti da ya yi a waje yana rage masa rai. Ta durƙusa a gaban Yagana, ta ɗaga leɓen, ta ga jinin da naman da ya kumbura, ta ga idanun Yagana suna kallon ta. Haƙorin ya kusa suɓuce mata. Ba ta taɓa saka hannu a bakin mai rai ba. Ta kasa.

"Madara," ta ce. "A samo madara ta kwali, ba ta gari ba."

Koci da kansa ya ruga shagon da ke bakin ƙofar sitadiyom ya dawo da ita. Ta zuba a murfin gorar ruwa, ta saka haƙorin, ta ninke tawul mai tsabta ta ce Yagana ta cije. Suka tare keke. Hanyar Wunti a cushe take da masu zuwa kasuwa, mai keken yana ta kutsawa, Eunice ta riƙe murfin da hannu biyu don kada ya zube. Yagana ta jingina kai da kafaɗar Koci, ba ta kuka, hawaye ne kawai ke zuba.

Da suka isa sashen haƙori na asibitin da makarantarsu take ciki, Eunice ta bar su a benci ta haura ɗakin kawunan roba da gudu, da rigar wasa da jini a gabanta. 'Yan ajinsu duk suka ɗago. Dakta Fakhruddeen ya dube ta, ya dubi murfin da ke hannunta.

"Tun yaushe ya fita?"

"Minti arba'in, Sa. Ko da biyar."

"A cikin madara duk tsawon lokacin?"

"Ban da kamar minti bakwai na farko."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce wa ɗaliban su ci gaba. A kan matakala ya tambaye ta, "Me ya sa ba ki mayar da shi a can ba?"

"Tsoro na ji, Sa."

Da suka kai ƙasa ya ce, "Wanke hannu, ki sa safar hannu. Za ki riƙe mini fitila da abin zuƙe jini."

Aikin ya ɗauki fiye da awa guda. Ya yi wa Yagana allurar kashe zafi, ya wanke ramin, ya mayar da haƙorin da yatsa biyu a hankali har ya zauna. Ya ɗinke leɓen. Aka ɗauki hoto, ya tsaya ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ɗaure haƙorin da siririyar waya a jikin na kusa da shi. Duk wannan Eunice na tsaye a gefe, tana ganin yadda hannun dattijon ke tafiya ba gaggawa, yana yi yana gaya wa Yagana abin da zai yi kafin ya yi.

Da aka gama sai ya kira Koci ya zauna, ya yi musu bayani su uku. Haƙorin ya koma, amma ba a san ko zai kama ba sai nan gaba. Ƙashin da ke riƙe da shi ma ya tsage. Wayar za ta yi mako huɗu. Bayan kwana goma a dawo a cire jijiyar cikin haƙorin a cike. Abinci mai laushi kawai. Kuma ba wasa, ba abin da zai kusanci bakin, har wata biyu aƙalla.

Yagana ta yi magana ta cikin auduga, da ƙyar ake ji. "Jos fa?"

"Yaushe ne?"

"Saura mako uku," in ji Koci.

Dakta ya girgiza kai. "Ƙwallo ɗaya ta same ki a fuska, ba wannan kaɗai za ki rasa ba, har na kusa da shi."

Yagana ta rufe ido.

Eunice ce ta raka ta gida. Ɗakin nasu yana can ƙuryar wani dogon zaure a Wunti, ƙamshin turare ya kama ko'ina, har labule. Mahaifiyar Yagana tana zaune a tabarma tana cuɗa itacen turare a cikin tasa. Da ta ga fuskar 'yarta sai ta ajiye tasar, ta tashi, ta riƙe kan Yagana tana magana da Barbarci ƙasa-ƙasa. Eunice ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Iya, ni ce. Hannuna ne ya same ta."

Matar ta dube ta. Hausarta ba ta gama nuna ba duk da shekarun da ta yi a Bauchi. "Da gangan ka yi?"

"A'a, Iya."

"To tashi. Abin da Allah ya rubuta ne." Ta miƙo mata ruwa a kofi. Eunice ta karɓa ta kasa sha.

A gida ta gaya wa mahaifinta komai, har da cewa sauri take yi. Ta jira ya ce ai ya faɗa mata. Bai ce ba. Ya kashe rediyon ya tambaye ta ko yarinyar tana da abin da za ta iya ci, sannan ya ce wa mahaifiyarta a dama kunun gyaɗa a kai.

Kwana goma Eunice ba ta taka sitadiyom ba. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta bi ta Wunti da kunu ko fate a kula, ta duba wayar da ɗinkin, ta nuna wa Yagana yadda za ta wanke bakin. Yagana na karɓa, tana godiya, amma dariyar nan ta ɗauke. Takan zauna tana kallon bango, hira ba ta wuce kalma biyar. A makaranta kuwa, abin da ya ba Eunice haushi shi ne hannunta ya daidaita. Ranar Laraba Dakta ya saka ƙarfen awo a aikinta, ya gyaɗa kai, ya sa hannu a takardarta. Ba ta ji daɗin da ta yi zaton za ta ji ba.

Ranar da aka cire jijiyar haƙorin, suna dawowa a keke, ta ce, "Na gaya wa Koci ba zan je Jos ba. Na bar wasan gaba ɗaya."

Yagana ta juyo. "Saboda me?"

"Kin san saboda me."

"Ban sani ba. Faɗa mini."

"Ba zan iya shiga fili ke kina gida ba. Ni na jawo miki."

Suka wuce shataletale. Da Yagana ta yi magana, muryarta a ƙasa take, amma Eunice ba ta taɓa jin ta da kaifi haka ba. "Ni na ce ki dawo ki jefa. Kin ce za ki makara, na ce uku. Kullum sai na tuna wannan. Yanzu kuma kina so ki ɗora mini wani, a ce saboda ni kika bari? Idan karatunki ne ya hana ki, ki ce karatunki ne, ba wanda zai ga laifinki. Ke kina da inda za ki. Amma kada ki ajiye abin da nake nema ido rufe, ki ce don ni kika yi. Wannan ba taimako ba ne. Ranki kawai kike so ya yi sanyi."

Mai keken ya yi kamar bai ji ba. A bakin lungunsu Yagana ta sauka, ta ce, "Gobe kada ki kawo kunu. Na gaji da shi."

Maganar ta kwana biyu tana cin ta. Ta gane akwai gaskiya a ciki: tun kafin abin ya faru take neman hanyar da za ta rage wasan ba tare da ta furta cewa ta gaza ɗaukar biyun ba. Ranar Litinin ta sami Dakta Fakhruddeen a ofishinsa, ta ce tana neman izinin ranar Juma'a guda, za ta je Jos.

"Gwajin aikin hannu na ranar Juma'ar ne," in ji shi.

"Na sani, Sa."

Ya duba kalandar da ke kan teburinsa. "Ki zo Alhamis ƙarfe biyu ki yi naki ke kaɗai. Ba zan sassauta miki ba. In kin faɗi, kin faɗi." Har ta kai ƙofa ya ce, "Madarar nan da kika sa, daidai ne. Da yawa sukan kawo mini shi a naɗe a takarda, ya bushe. Tsoron kuma kowa ya taɓa ji. Amma ki riƙe yadda kika ji a ranar, don wata rana ba ni a kusa."

Ta ci gwajin da maki kaɗan a kan iyaka. Juma'a da sassafe ta bi motar ƙungiya zuwa Jos. Sun ci wasanni biyu, a na uku aka fitar da su. Yarinyar da ta tsaya a raga ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba Yagana ba ce. Bayan wasan wani mutum mai rigar wasanni da takarda a hannu ya sami Eunice, ya ce daga babbar ƙungiyar nan yake, jifanta ya burge su, ko za ta so ta zo gwaji. Ta ce masa ɗaliba ce, ba za ta iya ba. Ta ciro waya ta nuna masa bidiyon Yagana a raga, ta gaya masa abin da ya faru. Ya kalla har ƙarshe, ya ce lallai yarinyar ta iya, amma sun riga sun ɗauki wata daga Filato jiya. Ya karɓi lambar Koci ya ce wataƙila baɗi. Yadda ya faɗa, Eunice ta san kada ta dogara da shi.

Da ta dawo ta gaya wa Yagana duka, ba ta rage ba, har da tayin da aka yi mata da abin da ta amsa. Yagana ta saurara tana ɗura humra a ƙananan kwalabe.

"Don karatu kika ƙi?"

"Don karatu."

"To shi ke nan."

Daga nan Eunice ta sami Koci Hammajoda ta gaya masa gaskiya, cewa Alhamis da yamma kaɗai za ta iya zuwa, kuma kada ya sa ta a lissafin gasa sai lokacin hutu. Ya ce ya daɗe da sanin wannan ranar za ta zo. Ranar Alhamis ɗin farko da ta je, ta tarar wata sabuwar yarinya ta karɓi gurbinta a jerin farko. Ta yi wasa a rukuni na biyu, ta dawo gida jikinta a sake, zuciyarta ba daɗi. Haka abin ya ci gaba, wani makon ta ji ta saba, wani makon ta ji kewa.

Yagana ta koma raga a watan Janairu, da robar kare baki da aka auna aka yi mata a asibiti. Da farko tana kauda kai in ƙwallo ta nufo fuskarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai a hankali ta daina. Mutumin Jos bai kira ba.

A ƙarshen Fabrairu aka kira Yagana ɗaukar hoto na wata huɗu. Eunice ta nemi izini daga lacca ta zo. Haƙorin yana nan daram a ido, sai dai ya ɗan fi na kusa da shi duhu. Dakta Fakhruddeen ya ɗora hoton a kan fitila, ya kira Eunice ya ce ta faɗi abin da ta gani. Ta duba, ta sake dubawa, tana fatan ba haka ba ne. Gefen saiwar ya fara zaizayewa, layin da ya kamata ya raba ta da ƙashi ya ɓace a wuri guda.

"Ƙashin ya fara cin saiwar, Sa."

"Haka ne. Ki yi mata bayani."

Eunice ta ja kujera ta zauna daidai fuskar Yagana. Ta gaya mata a hankali, da kalmomin da za ta gane, cewa jiki bai karɓi haƙorin yadda aka so ba, cewa ba zai yi mata ciwo ba, zai ci gaba da aiki, amma a hankali saiwar za ta ƙare, wata rana ya faɗi ko a cire shi a sa na roba ko a dasa wani.

Yagana ta taɓa haƙorin da harshe. "Shekara nawa zai yi?"

Eunice ta dubi Dakta. Ya ce, "Ba wanda zai faɗa miki tabbas. Wani uku, wani biyar, wani ya fi haka."

"Ke kuma saura nawa ki gama?"

"Biyu da rabi. Sai shekarar koyon aiki."

Yagana ta yi lissafi da yatsu, ta gyaɗa kai. "To ki yi karatun da kyau. Ba na son na roban ya fito a karkace."

Ta sauko daga kujerar, ta gyara mayafinta, ta yi wa Dakta godiya. Eunice ta raka ta har bakin titi. Rana ta take sosai, kekuna na wucewa cike da mutane, suka tsaya a inuwar wani dalbejiya suna jira. Yagana ta ce akwai kwalaben humra dozin biyu da za ta kai wa wata mata a GRA kafin la'asar. Da aka sami keke mai wuri ta shiga, Eunice kuma ta juya da sauri, don an riga an fara lacca ta biyu.